Littattafan yara kan wariyar launin fata da adalci: waɗanne zan saya, yaya zan zaɓa?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. An ɗora mini alhakin zaɓen littattafai 30 na ɗakin karatun wata makaranta mai firamare da ƙaramar sakandare. Wanda zai biya kuɗin yana zaune a Amurka, can zai sayo su, kuma sharaɗinsa su kasance kan wariyar launin fata, daidaito da adalci. Yaran 'yan shekara 6 zuwa 15 ne, Hausa ake yi musu a gida, Turancinsu dai ba yabo ba fallasa. Yaya zan raba 30 ɗin tsakanin shekaru? Da me zan gane littafi mai kyau alhali ba ya hannuna? Sannan ina gudun a kawo abin da zai firgita ƙananan, ko iyaye su yi mana ca. Masana a taimaka, Allah ya saka.

Malam Na-Laburare:

Wa alaikumus salam Malama. Da farko kada ki sayi littafi 30 daban-daban. Littafin da babu wanda za a tattauna shi da shi, a kanta yake tsufa. Ga rabon da ya fi aiki: guda 10 masu hotuna na 'yan shekara 6 zuwa 8, kwafi ɗaiɗai ya isa tunda malama ce za ta ɗaga ta karanta wa aji. Guda 12 na 'yan 9 zuwa 12, amma shida daga ciki su zama kwafin littafi ɗaya, domin yara 12 su zauna bibbiyu su karanta shi tare. Sauran 8 na 'yan 13 zuwa 15, suna huɗu, kowanne kwafi biyu. Kin ga suna 21 kenan za ki nema.

Shekarun da ake bugawa a bayan littafi na yaron da aka haifa cikin Turanci ne. Ki ƙara shekara biyu a kai: wanda aka ce na 'yan 8 zuwa 12 ne, a wajenku na 'yan 10 zuwa 14 ne. In littattafan sun iso, ki gwada da yatsu. Yaro ya buɗe tsakiya ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da bai sani ba ya ɗaga yatsa. Biyu ko uku daidai ne, biyar ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma tarkon da masu saye ba sa lura da shi: da yawa daga ƙagaggun labaran nan an rubuta hirarsu da karin Turancin baƙaƙen fata na kudancin Amurka. Karin harshe ne mai ƙa'idarsa, amma yaron da ke fama da Turancin jarrabawa zai cije a kai, ko ya kwafa ya zuba a takardar insha'i a ja masa jan biro. Irin waɗannan malami ya karanta da baki, ya yi bayani.

A cikin goman ƙananan, biyar aƙalla su zama labarin yaro baƙar fata yana rayuwarsa kawai: aski, kasuwa, kakarsa, ƙwallo, babu duka babu kuka. Wata farfesa, Rudine Sims Bishop, ta faɗa a 1990 cewa littafi ga yaro madubi ne kuma taga ce, ya ga kansa, ya kuma hango wasu. Idan duk baƙin yaron da ɗan shekara 6 ya gani a littafi ana korarsa ne ko ana zaginsa, darasin da zai ɗauka shi ne baƙar fata wahala ce, akasin abin da ake so kenan. Irin waɗannan littattafan sun daɗe suna ƙaranci. Cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin ta ƙirga a 1985, cikin kusan 2,500 da aka buga a Amurka a shekarar, 18 kacal baƙaƙen fata suka rubuta ko suka zana. Yanzu an samu yalwa, har ta kai akwai tarkace da yawa, musamman waɗanda aka yi gaggawar fitarwa bayan kisan George Floyd a Mayun 2020.

Tace su daga nesa ba wuya. Ki fara da jerin waɗanda suka ci lambar yabo ta Coretta Scott King, wadda ake bayarwa tun 1970 ga marubuta da masu zane baƙaƙen fata na Amurka, da ta Jane Addams, tun 1953, kan zaman lafiya da adalci, da Children's Africana, wadda masana Afirka ke tantancewa. Duk jerin suna intanet kyauta. Masu hotuna kuwa yawanci shafi 32 ne, kuma kusan duk wanda ya yi suna za ki samu wani yana karanta shi shafi-shafi a YouTube, cikin minti goma kin gama gani. Ki duba abu uku. Akwai bayanin marubuci a ƙarshe mai shekaru da hotunan gaske? Wa ke yin motsi a labarin, waɗanda aka zalunta ne ko kuwa wani farin fata mai kirki ne ya zo ya cece su suna tsaye? Fuskokin kuma, kowa da kamanninsa da hasken fatarsa, ko fuska ɗaya aka maimaita aka shafa mata launin ƙasa? Suna babba ba kariya ba ne: a Janairun 2016 kamfanin Scholastic ya janye wani littafin yara da ya buga kan bawan da ke dafa wa George Washington, shugaban Amurka na farko, abinci, saboda an zana bayi suna ta fara'a kamar aikin daɗi suke yi.

Anti Mai Tarihi:

Malam ya gama da rabo. Ni zan ba ki ma'auni ɗaya na littattafan tarihi, Maman Ilham, kuma labarin Rosa Parks za ki auna da shi, don da wuya jerin 21 ya rasa ta.

Littafi mai rauni zai ce wata tela ce ta gaji, ta ƙi tashi daga kujerar bas, sai Martin Luther King ya yi jawabi, sai wariya ta ƙare. Yaro ya rufe littafi yana ganin mugun direba ɗaya ne matsalar, jaruma ɗaya ce maganin. Ga abin da ya faru. Ranar 1 ga Disamba 1955 a Montgomery ta jihar Alabama, tana da shekara 42, ta kuma shafe sama da shekara goma tana sakatariyar reshen NAACP na garin, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Doka ce ta raba kujerun, ba halin direba ba. Wata tara kafin ita, a Maris, an kama wata ɗaliba 'yar shekara 15, Claudette Colvin, kan abu iri ɗaya. Ƙungiyar mata ƙarƙashin Jo Ann Robinson ta kwana tana buga dubun-dubatar takardun kira. Baƙaƙen fata su ne kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjoji, suka ƙaurace wa bas kwana 381, suna tafiya a ƙasa, masu mota suna karɓa-karɓa wajen ɗaukar mutane. Abin da ya karya dokar shari'a ce da mata huɗu suka shigar, Colvin na cikinsu, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Nuwamban 1956. Littafin da ya nuna doka, ya nuna taron jama'a, ya nuna tsawon lokacin, ki saya. Wanda ya tsaya kan gajiya, ki bar musu.

Ga 'yan 7 zuwa 9, labarin Ruby Bridges ya fi kowanne shiga, don sa'arsu ce. Tana da shekara 6, ranar 14 ga Nuwamba 1960, jami'an tsaron tarayya huɗu suka raka ta, ita baƙar fata, makarantar fararen fata ta William Frantz a New Orleans, shekara shida bayan Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu a 1954. Iyaye fararen fata suka kwashe 'ya'yansu, malama ɗaya, Barbara Henry, ta koyar da ita ita kaɗai a aji tsawon shekarar. Ita kanta Ruby ta rubuta nata da ta girma, mai suna Through My Eyes, da hotunan gaske, amma wannan na 'yan 11 zuwa sama ne.

Batun firgici, ga iyakar da zan ja. Shekara 9 zuwa ƙasa: rashin adalci a makaranta, bas, wurin shan ruwa, babu gawa, babu rataya. Daga 10 zuwa 12 za a iya faɗin cewa an kashe mutane, kamar 'yan mata huɗun da bam ya kashe a wani cocin baƙaƙen fata a Birmingham ta Alabama ranar 15 ga Satumba 1963, ba tare da hoto ba. Labarin Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955, sai 13 zuwa sama, kuma ki duba ko an saka hoton gawarsa, don wasu suna sakawa. Na manyan, March na John Lewis, juzu'i uku cikin zane, ya dace da mai raunin Turanci saboda hoto na ɗaukar rabin aikin. Marubucin da kansa aka fasa wa kai a gadar Selma ta Alabama ranar 7 ga Maris 1965, a tattakin neman haƙƙin zaɓe na baƙaƙen fata. Akwai duka a ciki, akwai kuma kalmar zagin nan da ake jifan baƙaƙe da ita, haka ma a Roll of Thunder, Hear My Cry na Mildred Taylor. Yaranmu suna jin kalmar a waƙoƙin waya, suna zaton gaisuwa ce. Malami ya faɗa musu tun kafin a buɗe littafin cewa ba a furta ta a aji, ya gaya musu dalili.

Darasin minti 40 kuma ga yadda ake yanka shi: minti 5 taswira da shekara, a nuna musu inda garin yake, a lissafa kakansu na da shekara nawa a lokacin. Minti 15 karatu, a tsaya sau uku kawai. Minti 15 tambaya: wace doka ce, wa ya rubuta ta, wa ta amfana, me mutane suka yi, me suka rasa. Minti 5 rubutu ko zane. Abin da ke lalata darasi shi ne wasan kwaikwayo inda ake ware masu haske su zama Turawa, masu duhu su zama bayi ko 'yan bayan bas. Kada a kuskura. Ƙararrawa za ta kaɗa, sunan ya bi yaro har gida.

Baban Sadik:

Anti, ban ƙi ta taki ba, amma jerin ya karkata Amurka da yawa. Maman Ilham, ko da mai kuɗin can yake, ki ware aƙalla biyar na Afirka ta Kudu. Nan ne yaro zai ga wariya a rubuce ƙarara: dokar 1950 da ta yi wa kowa rajista da launinsa, wata ta shekarar da ta raba unguwanni, dokar ilimin Bantu ta 1953 da ta ware wa baƙaƙe ilimi maras inganci, da takardar izinin yawo da baƙin mutum ba ya fita sai da ita. Kisan Sharpeville na 21 ga Maris 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69, zanga-zangar wannan takardar ce. Kuma a Soweto ɗalibai ne da kansu suka fito ranar 16 ga Yuni 1976 don an tilasta musu karatu da harshen Afrikaans na Turawan da ke mulki. Hector Pieterson, wanda hoton gawarsa ya zaga duniya, bai wuce ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba a shekaru. Ranar Yaran Afirka da makarantu ke yi duk 16 ga Yuni tun 1991, asalinta kenan, kuma yawancin masu fareti a ranar ba su sani ba. Wanda zan ce ki yi wa kwafi shida shi ne Journey to Jo'burg na Beverley Naidoo, 1985. Gajere ne, Turancinsa mai sauƙi, yarinya da ƙaninta ne suka kama hanyar birni neman uwarsu mai aikatau a gidan Turawa saboda ƙanwarsu ba lafiya. Gwamnatin wariya ta haramta shi har 1991, wannan kaɗai kan sa yara su ƙagu su karanta.

Kuma muna da hannu a labarin. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1980, daga baya Joseph Garba da Ibrahim Gambari suka riƙe. Mandela ya fito daga kurkuku a Fabrairun 1990 bayan shekara 27, a shekarar ya zo Najeriya godiya. A ɓangaren bauta ma, Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawayen bayi a Bahia ta Brazil a 1807, suna kuma cikin tawayen Musulmi na Janairun 1835. Mahommah Baquaqua, wanda aka sayar bawa zuwa Brazil, aka kuma buga tarihinsa a Detroit ta Amurka a 1854, mutumin Djougou ne a ƙasar Benin ta yau, ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. Wannan tarihin, malami ya rubuta shi a shafi guda ya liƙa a cikin bango.

Abin da na fi so a kula: kada yaro ya tashi da cewa wariya ciwon Bature ne, mu lafiyarmu ƙalau. A ajin nan akwai wadda ake tsokana don ta fi kowa duhu, akwai wadda yayarta ke shafa man bilicin. Sulwe na Lupita Nyong'o, 2019, kan wannan yake, yarinyar da ta fi kowa duhu a gidansu, ki sa shi cikin goman ƙananan. Ga kuma abin da yaran suka riga suka haddace: aya ta 13 a Suratul Hujurat, da ta 22 a Suratur Rum da ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, da hadisin Abu Zarr da ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Iyayen da kike tsoro, in suka ga daga nan aka ɗauko zaren, bakinsu zai mutu.

Ɗan Damagaram:

Baban Sadik ya taɓo gida, bari in sa birki kaɗan. Gaskiya ne maganar asali tana nan da ranta. Nijar sai 2003 ta mayar da bauta laifi a dokar hukunta laifuka, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani, wadda aka riƙe a matsayin baiwa, gaskiya a kan gwamnati don ta kasa kare ta. Amma a ajin da yara suka san gidan kowa, malami ya ce "jikokin bayi" sai idanu su juya kan mutum ɗaya. A fara da na nesa, a bar 'yan 14 da 15 su kawo kamancen da bakinsu, kuma ƙa'ida ita ce ba a ambaton gida, zuri'a ko sana'ar gadon kowa.

Na biyu, 'yan shekara 6 da 7 ba za su ji waɗannan littattafan da Turanci ba. Malama ta rubuta fassarar Hausa a ƙananan takardu, ta maƙala a bayan bango, tana nuna hoto tana karanta Hausar. Jimla kada ta wuce kalma goma zuwa sha biyu. Wannan amfanin aji ne. Amma a fassara a buga a raba, ko a ɗora a WhatsApp, shiga haƙƙin mallaka ne, sai da izinin kamfanin. Mafita ita ce African Storybook da StoryWeaver, dukansu suna da labarai da Hausa, da kuma Book Dash ta Afirka ta Kudu. Lasisinsu a buɗe yake, ki fassara, ki buga, ki dai bar sunan marubuci da mai zane. Shafi 16 zuwa 24 ne yawanci: takarda A4 huɗu zuwa shida, gaba da baya, a ninke biyu, sitefula biyu a tsakiya, bango da kwali mai ɗan kauri. Adadin shafi ya rabu da huɗu, in ba haka ba jerin zai rikice wajen ninki. Da haka biyar ɗin "madubi" da Malam ya ce za su fito kusan kyauta, kuɗin Amurka ya tafi kan na tarihi.

Maman Ilham:

Allah ya ƙara ilimi, na kwafe duka. Saura biyu. Mai sayen ya turo sunan The Hate U Give, ya ce yara can suna rububinsa. Ya dace? Sannan mai bango mai tauri ko mai laushi?

Malam Na-Laburare:

Littafi ne mai ƙarfi, na Angie Thomas, 2017, yarinya 'yar 16 da ɗan sanda ya harbe abokinta a gabanta. Amma ya haura shafi 400, akwai ashar da yawa, soyayyar saurayi da budurwa, maganar ƙwaya da ƙungiyoyin daba. Ko a Amurka ana yawan kai ƙararsa a makarantu. Ga ƙaramar sakandare a wajenku, ni ba zan sa shi ba, babbar sakandare ce wurinsa. Ki saba da wannan: duk abin da aka yi wa lakabin na matasa 'yan 14 zuwa sama, a ɗauka akwai irin waɗannan, wasu har da soyayyar jinsi ɗaya, sai an tabbatar babu. Shafin Common Sense Media yana lissafa abin da ke cikin littafi dalla-dalla, zagi nawa, tashin hankali wane iri. Duk da haka takwas ɗin manyan, malamai biyu da uwa ko uba ɗaya daga ƙungiyar iyaye su karanta kafin a buga musu hatimi. In kina son na zamani mai sauƙi, New Kid na Jerry Craft, cikin zane yake, yaro ɗan 12 a makarantar masu kuɗi da baƙaƙe ba su da yawa, ya ci lambar Newbery, babbar lambar yabo ta littattafan yara a Amurka, a 2020.

Bango kuwa, goman ƙananan mai tauri, don hannu da yawa ke jan su. Sauran mai laushi, sun fi araha, kuma akwatin jirgi kilo 23 ne, 30 ɗin a haka ba za su cinye shi ba. Mai sayen ya duba na hannu waɗanda laburaren can suka sallama, galibi ɗinkinsu ya fi ƙarfi kuma da rigar leda suke zuwa. Masu laushin gam ne ke riƙe da su, zafin bazara na busar da shi shafuka su fara zubewa, don haka a bi ƙashin bayan da faffaɗan salatif tun ranar farko, a sa leda. Kanta ta ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, ta kuma bar jikin bango saboda gara, kada ta fuskanci taga. Kwafi shidan nan a rubuta musu lamba 1 zuwa 6 a goshi, kuma ba a ba da aronsu gida sai an gama karatun tare.